Wai ana shuka bado daga iri, ko sai dai a tono saiwarsa?

Maman Ummi, Tudun Jukun: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tankin siminti a bayan gidanmu da muka yi kiwon tarwaɗa a ciki, tsadar abincin kifi ta sa muka ajiye, yanzu yana nan a bushe. Wata 'yar uwar maigida ta zo daga Haɗeja ta kawo mana tsarabar 'ya'yan bado busassu, kusan rabin gwangwanin madara. Yara ba su taɓa ganin badon ba ma balle su ci. Shin idan na zuba a tankin zai fito? Ko busasshe ya riga ya mutu?

Ɗanlami Mai Kifi: Wa alaikumus salam. Hajiya, bado kuma? Wa ya taɓa shuka bado? Kainuwa dashen Allah, shi ma badon tafiyarsu ɗaya. Ki dafa abinki ku ci, in kina son ganin furen ki kai yara bakin dam da kaka.

Malam Isiyaku, Samaru: Ɗanlami, masarar da kake ci ma Allah ne ya tsirar da ita, amma sai da wani ya kai iri gona. Maman Ummi, ana shuka shi. Badon da muka sani a nan, mai farin fure da ganye mai baki kamar zarto, masana tsirrai suna kiransa Nymphaea lotus, kuma irinsa na jure bushewa. Ai dole ya jure, tunda tafkunan da yake fitowa a ciki yawancinsu ƙafewa suke yi da rani, irin ya kwanta cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo. Abin da zan fara tambaya shi ne: wanda aka kawo miki an surfa shi ko an soya? In an riga an gyara shi don girki, to ba lallai ya tsira ba.

Maman Ummi, Tudun Jukun: Malam, ban tambaye ta ba gaskiya. Ƙanana ne dai, ba su kai ƙwayar gero ba, launinsu ruwan ƙasa-ƙasa, akwai ɗan ƙaiƙayi a ciki.

Malam Isiyaku, Samaru: Ƙaiƙayin nan alama ce mai kyau, wataƙila sheƙe shi kawai aka yi. Kafin ki wahalar da kanki da tanki, ki gwada. Ki ɗebi ɗan kaɗan da yatsu biyu ki zuba a kwalba mai haske, ki sa ruwa ki ajiye inda rana ke bugawa. Ki riƙa canja ruwan in ya fara yauƙi. Mai rai zai fasa ya fito da wani siririn zare fari. Wani cikin mako ɗaya ko biyu, wani ya haura wata, ba sa tashi tare.

Abdul Kwangila: Ni na ga bidiyo a YouTube, sai an goge bayan irin da fayil ko takardar yashi har an ga farin ciki, sannan a jiƙa. In ba haka ba ko shekara zai yi a ruwa ba zai fito ba.

Malam Isiyaku, Samaru: Abdul, wancan wani tsiro ne daban, na ƙasashen Asiya, Indiya da Sin da su Tailan, sunansa Nelumbo. Irinsa babba ne mai taurin ɓawo, ganyensa da furensa suna miƙewa sama da ruwa. Shi ake gogewa. Namu in ka ce za ka kama ƙwaya ɗaya ka goga da fayil, yatsanka za ka goge.

Abdul Kwangila: 😂 To Malam, na janye.

Baba Haruna, Sabon Gari: Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini. Ni haifaffen wajen Nguru ne, zama ya kawo ni Zariya. Mun ci bado tun muna yara, ba labari aka ba mu ba. Idan ruwa ya fara ja baya bayan damina, mata da yara suke shiga, wasu a kan gora, wasu a kwale-kwale, a laluba ƙarƙashin ruwa a tsinko ƙwallon da 'ya'yan suke ciki. Ba a sama yake nuna ba, a ƙasa yake. A tara shi a shanya har ya bushe ƙayau, a zuba a turmi a farfasa, a bakace da faifai, a sake dakawa sama-sama don bayan ya fita, a wanke. Daga nan ko a dafa shi wasa-wasa a sa mai da yaji, ko a niƙa a yi tuwo ko kunu. Saiwar kuma a tono ta in laka ta fara tsagewa, a dafa ko a gasa a toka. Ɗanyenta akwai bauri, ba a cinta haka. Amma ban taɓa ganin wanda ya shuka ba, gaskiyar Ɗanlami ke nan. Ba mu da dalilin shukawa, ya fi ƙarfinmu yawa.

Hajiya Binta, Ƙofar Doka: Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu a nan cikin birni abin da muka ji a wajen iyaye shi ne abincin yunwa ne, wai lokacin farin 1973 mutane suka koma masa. Shi ya sa in ka ce za ka ci bado sai a dube ka.

Baba Haruna, Sabon Gari: Amin 'yata. An ci shi a yunwa, wannan haka ne, amma a wajenmu ko hatsi na rumbu ana ci, marmari ne. Zogale ma da can ai ganyen talaka ne, yanzu kuwa har a leda ake sayar da shi a kanti. Kuma yanzu a can ɗin ma ba kamar da ba. Tun da aka yi dam ɗin Tiga, daga baya aka ƙara na Challawa, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta canja, ga kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta cinye wurare da yawa. Inda kachala ta rufe, bado ba ya samun sarari.

Malam Isiyaku, Samaru: Baba ya faɗi abin da ya fi muhimmanci ga mai neman iri: ƙwallon a ƙarƙashin ruwa yake nuna. Furen da dare yake buɗewa, bayan magariba, ya rufe da hantsi, haka zai yi 'yan kwanaki. In ya samu barbara sai sandar ta lanƙwashe ta ja shi ƙasa. Bayan 'yan makonni ƙwallon ya fashe da kansa, 'ya'yan su taso saman ruwa saboda wata 'yar riga mai yauƙi da ke jikinsu, su yi ta yawo, rigar ta ruɓe, su nutse. Haka yake bazuwa. Matsalar da ke nan ita ce wanda ake tsinkowa don ci sau da yawa bai gama ƙosawa ba, don in an jira ya ƙosa sarai zai fashe a rasa. Shi ya sa na ce Maman Ummi ta gwada a kwalba tukuna. Wanda yake son iri mai kyau kuma, ya yanki tsohon gidan sauro ya ɗaure ƙwallon a ciki tun yana jikin uwarsa, in ya fashe 'ya'yan suna cikin ƙullin.

Ɗanlami Mai Kifi: To na yarda yana tsira. Amma me ya kai mutum wannan dogon aiki? A je Bomo ko bakin Galma a ba yaro ɗari biyar ya tono saiwa uku, a dasa a tanki, kafin wata biyu ganye ya rufe ruwa. Iri sai ka yi ta reno. Ni ɗan kasuwa ne, hanyar da ta fi kusa nake bi.

Sista Rabi: Ɗanlami, a nan ne zan saka baki. Yaron da za ka ba ɗari biyar ya shiga ruwan, ka san abin da zai kwaso? Tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan katantanwa take girma, irin waɗanda ke manne a bayan ganyen bado da ciyayin bakin ruwa, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mutum ta shiga. Ba sai an sha ruwan ba. Bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini, a ƙauye har a ce wai alamar balaga ce. Muna ganinsu a asibiti. Akwai magani, praziquantel, amma gara a ce ba a kamu ba. Kuma in ka ɗauko saiwa da lakarta da ganyenta ka kawo gida, har da katantanwar da ƙwanta ka ɗauko, ka zuba a tankin da yaran Maman Ummi za su riƙa tsoma hannu.

Ɗanlami Mai Kifi: Sista, mu da muka tashi muna wanka a Kubanni ga mu nan da ranmu.

Sista Rabi: Da ranka, amma ka tambayi abokan wankan naka nawa ne suka yi fitsarin jini suka ɓoye wa iyayensu. Ba ina cewa kada a taɓa saiwa ba ne. In dole sai ita, a sa dogon takalmin roba da safar hannu, a yanke ganyen duka a bar su can, a wanke saiwar tas, a ajiye ta a bokiti daban na ɗan lokaci a ga ko wani abu zai fito. Busasshen iri kuwa ba ya zuwa da wannan.

Malam Isiyaku, Samaru: Akwai na biyu a kan abin da Sista ta faɗa. Tsiron ruwa yana tsotsar abin da ke cikin ruwan da lakar. Kududdufan cikin gari da kwata ke zuba a ciki, da rafin da ake wanke injin feshin maganin ciyawa a bakinsa, ba wurin ɗebo abin ci ba ne, ko da badon ya yi kyau a ido. A ganina wannan ne babban dalilin shuka shi a gida: ka san ruwan da ya sha.

Auwal Fingerlings: Masu buƙatar 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa masu lafiya a tuntuɓe ni ta akwatin sirri, akwai ragi ga 'yan wannan gida.

Shugaban Zaure: Auwal, talla ranar Juma'a ce. A ci gaba.

Maman Ummi, Tudun Jukun: Na gode ƙwarai. Malam Isiyaku, a ce ya tsira a kwalbar, sai me? In juye a tankin in cika ruwa?

Malam Isiyaku, Samaru: A'a, nan ne mutane suke kashe shi. Jaririn bado ba ya iya zurfi. Ki samu baho mai faɗi, ki zuba ƙasa mai yumɓu, irin ta fadama mai danƙo, kaurin kamar yatsu huɗu. Kada ki sa ƙasar da ake sayarwa ta fulawa mai ɓuntu da dusar katako, tasowa za ta yi saman ruwa ta ruɓe. Kada ki sa ɗanyen kashin kaji ko na shanu, ruwan zai koma kore, gansakuka ta shaƙe tsiron. Ki jiƙa ƙasar ta zama laka, ki daddanna ta, ki barbaɗa irin a sama a warwatse, ki yayyafa yashi ɗan siriri yadda zai danne shi kawai. Sai ki zuba ruwa a hankali ta gefen bahon, ko ki ɗora faranti ki zuba a kansa don kada ya tone irin. Ruwan ya hau kan ƙasar da santimita 3 zuwa 5, kada ya wuce. A ajiye a rana.

Abin da zai fara fitowa ba zai yi miki kama da bado ba, wani siririn kore ne tsaye, za ki ce ciyawa ce ki cire. Ki bar shi. Bayansa ƙananan ganye masu laushi za su fito a ƙarƙashin ruwa, masu tsini, wasu da ɗigo-ɗigon ja. Sai daga baya ne zai aiko da ganye mai da'ira ya kwanta a saman ruwa, ɗan ƙarami. In kin ga irin wannan biyu ko uku a jikin tsiro ɗaya, lokacin dashe ya yi. Ki sa cokali ki ɗebo shi da lakarsa, ki mayar a tsohon bokitin fenti ko roba mai faɗi da kika cika da yumɓu, idon tsiron, wato inda ganye ke fitowa, yana daidai saman ƙasa, kada a binne shi. Bokitin ne za ki saka a cikin tanki, ki ɗora shi a kan bulo yadda ruwa kaɗan ne a kansa. Yana girma kina rage bulo, har ya sauka ƙasa, ruwa ya kai kamar rabin mita a kansa.

Hajiya Binta, Ƙofar Doka: Malam, ba taki ko kaɗan? Ni na san duk abin da aka sa a bokiti yunwa yake ji.

Malam Isiyaku, Samaru: Hajiya, sai ya kafu. Bado na da ci sosai in ya girma. Taki ruɓaɓɓe wanda ya shekara a sa shi can ƙasan bokiti a rufe da yumɓu. Ko a ƙulla takin zamani kamar cokali ɗaya a takarda a cusa cikin lakar nesa da idon, a toshe ramin. Abin gudu shi ne takin ya narke a cikin ruwan tankin.

Injiniya Musa, Hanwa: Ina bin ku tun ɗazu. Ba wanda ya yi maganar lokaci. Yanzu muna Disamba, da asuba ruwan randa ma ba ya taɓuwa. Bahon da ruwansa bai wuce yatsu uku ba zai yi sanyi ƙarara da dare. Ba na jin wani abu zai tsira.

Malam Isiyaku, Samaru: Gaskiya ne Injiniya, kuma wannan zai iya ɓata gwajin kwalbar ma, a ɗauka irin ya mutu alhali sanyi ne ya hana shi. Yana son ruwa mai ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30. A Zariya ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ya fi, in hunturu ya janye. Kafin ruwan sama ya kankama a Mayu da Yuni ya yi ƙarfin da saukar ruwa ba za ta tumɓuke shi ba, ya yi fure cikin damina, a samu ƙwallo da kaka. In Maman Ummi tana ɗokin gwaji yanzu, ta riƙa shigar da kwalbar ɗaki da yamma.

Injiniya Musa, Hanwa: Amma Maris da Afrilu ai lokacin ne ruwa ya fi wuya, rijiyoyi sun ja, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi. Kuma buɗaɗɗen tanki a ranar bazara kullum sai ya sha ruwa. A lissafa wannan.

Malam Isiyaku, Samaru: Shi ya sa na ce baho. A watannin nan biyu jarka ɗaya za ta yi miki kwanaki. Tankin ba ya buƙatar cika sai dashe ya zo, lokacin kuma sama ta fara zubowa, a tara na indararo. Baho dai a lura da shi da tsakar rana a Afrilu, ruwa kaɗan yana iya zafi har ya dafa tsiron, a ɗan yi masa inuwa daga azahar.

Maman Ummi, Tudun Jukun: Maigida ya leƙo yana karantawa, ya ce a tambaya masa sauro. Ya ce ba zai yarda a buɗe masa masana'antar sauro a bayan ɗaki ba.

Ɗanlami Mai Kifi: A nan dai dole a dawo wajena. A zuba kifi, shi ke nan. Amma ba tarwaɗa ba, ita tone laka take yi, za ta tumɓuke bokitin gaba ɗaya ta dagula ruwan. 'Yan ƙananan ƙarfasa kaɗan sun isa su cinye tsutsar sauro. Sai dai ƙarfasa ma tana taɓa ganye mai laushi, don haka kada a sa ta sai badon ya yi manyan ganye, kuma a jera tsakuwa a saman bokitin.

Sista Rabi: Bahon reno kuma a rufe shi da gidan sauro, rana na shiga, sauro ba ya shiga. Tsutsarsa ba ta buƙatar fiye da mako ɗaya zuwa kwana goma a lokacin zafi ta zama sauro, kada a ce ai ɗan ruwa ne.

Abdul Kwangila: Ni fa tunanina ya tafi wajen kuɗi. Indiyawa suna fitar da irin wannan zuwa Turai da Amurka, makhana suke ce masa, ana fasa shi kamar gugguru, da tsada. Me zai hana mu?

Malam Isiyaku, Samaru: Abdul, yau ka sake ɗauko na wasu. Makhana daga wani ɗan uwan bado ake samunsa, Euryale ferox, mai ƙaya a ganye, 'ya'yansa manya, a jihar Bihar aka fi nomansa. Ba shi ne namu ba. Namu dai an daɗe ana cinsa, tsoffin Misirawa sun yi burodi da garinsa, a kwarin kogin Senegal ana dafa shi a madadin shinkafa, a Sudan ta Kudu ma abinci ne sananne. Amma a faɗa wa Maman Ummi gaskiya: tsiro ɗaya in ya samu wuri yana shimfiɗa ganye fiye da mita ɗaya ta kowane gefe. Tanki irin naki tsiro biyu ko uku zai ɗauka. Ba na jin za ki cika mudu a shekara. Na ɗanɗano ne da na nuna wa yara, sai kuma iri mai tsabta.

Ɗanlami Mai Kifi: Kun ji ko? Duk wannan dogon turanci a kan abin da bai cika mudu ba.

Hajiya Binta, Ƙofar Doka: Kai Ɗanlami, fulawar da mutane ke saye da kuɗi su jera a ƙofar gida mudu nawa take bayarwa? Wannan ga fure, ga abin taɓawa a baki.

Baba Haruna, Sabon Gari: Yaro ya karanta mini duka. Abu ɗaya zan ƙara wa Malam. In rani ya yi ganye ya fara mutuwa, kada ta ɗauka ya lalace ta zubar. Saiwar tana nan cikin laka tana barci. Ko bokitin ya bushe, a ajiye shi a inuwa inda ɓera ba zai tona ba, in zafi ya dawo a mayar da shi ruwa. Shekara ta biyu ba ta buƙatar iri kuma.

Injiniya Musa, Hanwa: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. A tafki ƙwari ne ke yi masa barbara da dare. A cikin gida mai katanga a Tudun Jukun wa zai yi? Kada a yi ta fure ba ƙwallo.

Malam Isiyaku, Samaru: Wasu ƙwari masu kama da buzuzu ne suke shiga furen da dare, ƙamshinsa ke jawo su. Yakan kuma ɗaure ƙwallo da garin jikinsa ko ba su zo ba. In ana son tabbaci, daren farko da fure ya buɗe shi ne yake karɓar garin barbara, nasa garin kuma sai a dare na biyu da na uku yake sakinsa. A sa gashin kaza a shafo garin daga tsohon fure a shafa a tsakiyar wanda ya buɗe a daren. Don haka a bar aƙalla tsiro biyu, don a riƙa samun furen da suka haɗu a dare ɗaya.

Maman Ummi, Tudun Jukun: Allah ya saka wa kowa. Na kira mai tsarabar, ta ce ba a soya ba, shanya shi kawai aka yi aka sheƙe. Zan raba uku: kaɗan a kwalba yanzu, kaso ɗaya in ajiye sai Maris, sauran in dafa yadda Baba ya ce. Saura yumɓu, mu nan ƙasarmu jar tsakuwa ce.

Ɗanlami Mai Kifi: Ina zuwa wajen Dakace ranar Asabar ɗauko kaya, akwai masu lambu a fadamar da na sani. Zan sa a cika miki buhu ɗaya, amma daga tudun bakin fadama inda ya bushe, kafin Sista ta ce na kawo miki katantanwa. Kuɗin mai Keke naki ne.

Sista Rabi: A shanya shi a rana ya yi kwanaki kafin ya shiga baho, ko daga ina ka ɗebo.